Ranar da Aka Zo Binne Babanku da Ransa

Na ji yadda kuke ba da labarin nan in kun taru, kowa da nasa. Ke Rifkatu kin ce Babanku ne ya sa aka haƙa masa kabari don ya ba ku haushi. Ke Lami kin ce ni na shirya komai don in tsorata yayanku Bitrus. Jikokina kuma sun mayar da abin wasa, har da mai kwaikwayon muryata, kuma ba ta ma iya ba. To ku zauna ku ji daga bakin wadda aka zo yi wa ta'aziyya.

Babanku kafintan rufi ne. Rabin gidajen layinmu na Samaru shi ya ɗora musu kwano, har Chikaji ake zuwa ɗaukarsa in za a rufa babban shago. Mutumin da ya yi rayuwarsa a sama bai taɓa faɗowa ba, sai ga shi a banɗakin gidansa, bayan ya ajiye aiki, santsin sabulu ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi masa aiki a asibiti, ƙashi ya haɗe, likita ya duba hoto ya ce babu abin da zai hana mutumin nan tafiya. Amma fa ya ƙi. In na ɗaga shi sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa, ya ce ƙasa tana juyawa. Daga gado zuwa kujerar roba da ke bakin taga, daga kujera zuwa gado, kuma ko wannan sai na sa kafaɗata a hammatarsa, sanda a ɗayan hannun. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirunsa. Mutumin da ko kaza ta wuce sai ya tsokane ta, ya koma sai "to" da "a'a".

Da Ista ka zo, kai Bitrus, ka ga yadda nake fama. Ka ja ni tsakar gida, kana tsammanin ba ya ji.

"Mama, ke ma fa kin tsufa. Ranar da ya faɗo a kanki, wa zai ɗaga ku? In har Kirsimeti ta zo bai tashi ba, zan zo da mota in kwashe ku zuwa Abuja. Gidan a ba da shi haya gaba ɗaya."

Sai murya ta fito ta taga, da ƙarfin da rabona da jin sa tun kafin faɗuwar.

"Gidan nan da hannuna na rufa shi. A cikinsa za a binne ni, yadda aka binne ubana a tsakar gidansa!"

Maƙwabta duk sun ji. Kun san a garinsu can Kudancin Kaduna haka ake yi, maigida ba ya barin gidansa ko bayan ya mutu, don haka babu wanda ya ɗauki maganar wasa. Ni kuwa abin da ya dame ni, gaskiya ka faɗa, Bitrus. Bayana ya fara ciwo, gwiwata ma haka. Amma na san mijina. In aka kai shi gidan sama a Abuja, inda ba ya jin guduma, ba mai leƙo taga ya ce "Baba, ina gajiya", ba zai ga wata damina ba. Na rasa wanda zan gaya wa, sai Ubangiji.

A lokacin 'yarka Keziya tana wurinmu tana karatu a jami'a. Yarinyar nan ba ta zama wuri ɗaya, kamar an zuba mata barkono a kujera. Wata rana ta dawo da sabon hauka: wai ta ga ɗalibai sun ɗaura wani faffaɗan bel tsakanin itatuwa biyu, bai wuce gwiwa daga ƙasa ba, suna tafiya a kai ba takalmi, hannuwa a buɗe. Ta hau, ta faɗo, abin ya shiga ranta, tana so ta riƙa koyo a gida. To bayan gidanmu babu itace ko ɗaya. Mangwaron da gwaibar duk Babanku ya sare su shekarar da ya gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ba ta tambayi kowa ba, ta samo igiya ta ɗaura a ƙarfen shanyata, ɗaya bakin a ƙarfen tagar kicin. Tana ɗora ƙafa, ƙarfen shanya ya sunkuyo, zannuwana da na wanke tun safe suka zube cikin taɓon lambuna. Na fito da muciya a hannu, na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na ji daga taga:

"Amaryata, wa ya koya miki wannan aikin banza?"

Na tsaya cak. Tun tana goye yake kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika, amma tun da ya faɗi bai ƙara ba.

"To, angon da ya ƙi tashi, ya zan yi?" in ji ta.

"Ƙarfen shanya ba a yi shi don jan gefe ba. Ko akuya kika ɗaure a nan sai ta tafi da shi."

Na haɗiye faɗan da ke bakina, na kwashi zannuwana na koma kicin, na tsaya ina hawaye a kan tukunya. Da yamma na kira Keziya na ce mata ta yi abin nan nata, amma ta yi shi daidai ƙarƙashin tagar kakanta, kuma ko ƙusa za ta buga sai ta tambaye shi. Ta dube ni, ta gane. Sai ta ce akwai matsala ɗaya: duk bayan gidan siminti ne, in ban da lambuna. Wannan lambun kun san shi. Yakuwa, rama, kuɓewa, tattasai, tun kuna firamare nake juya ƙasar nan da takin kaji. Na ce ta ba ni kwana ɗaya. Washegari na tsinke abin da ya tsinku, na raba wa maƙwabta, sauran na tumɓuke da hannuna don kada in tsaya kallon wani yana yi.

Muka hau keke ni da ita zuwa Sabon Gari. A wajen masu kayan mota kusa da PZ muka sami bel ɗin, irin wanda direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da shi, da ƙarfensa mai haƙora da ake ja yana ƙat-ƙat. Mai shagon Ibo ne, an haife shi a nan amma har yau bai raba "ka" da "ki" ba.

"Mama, kana da tirela ne?"

"Ina da jika," na ce masa, "ta fi tirela wahala."

Daga nan muka wuce Chikaji, mai walda ya yanko mana bututun ƙarfe biyu masu kauri da sarƙa. Dabarar marasa itace, yadda Keziya ta nuna wa kakanta a waya, ita ce a haƙa rami a kwantar da bututun a gicciye, a ɗaura masa sarƙa a tsakiya, a binne, sarƙar ta fito daga ƙasa a karkace. Haka a ɗaya ƙarshen. Sai a ɗaura bel a sarƙoƙin, a ɗaga shi a kan jaki biyu na katako, irin wanda kafintoci ke ɗora aiki a kai. Ƙasar da ke kan bututun ita ce ke yin aikin itace. Kai, sun yi gardama! Shi ya ce a zuba kankare, ita ta ce ba a buƙata, kuma ita ta ci wannan. Ita ta ce gajeren bututu ya isa, shi ya ce ƙasar lambuna ta yi laushi, sai mai tsawo, shi kuma ya ci wannan, har sai da muka koma Chikaji aka sauya. Jakunan kuwa a cinyarsa ya yi su, yana zaune, zarto na tafiya, garin katako ya cika mini ɗaki, ni dai ina sharewa.

Baki ya buɗe, hannu ya dawo, amma ƙafa shiru. Na gwada wayo, na ajiye masa guduma a kan tebur inda hannunsa ba zai kai ba. Ya dubi gudumar, ya dube ni.

"Asabe, kada ki raina mini hankali. Miƙo mini."

Na miƙa masa. Damina ta fara ja da baya, a coci an fara maganar waƙoƙin Kirsimeti, ni kuwa na fara duba kayansa ina tunanin wanne zai shiga akwati wanne za a bari.

Ranar wata Asabar muka yi haƙa. Keziya da 'yan hayarmu biyu da diga, ni ina kwashe ƙasa da kwanon sarki. Saboda dogon bututun nan da Babanku ya nace, ramin ya yi tsawon mutum, zurfinsa ya kai ƙugu, ga jar ƙasa an tula a gefe. Wallahi ko sau ɗaya ban ga kamar me ya yi ba, ni dai bayana nake ji. Babanku ya gaji da ba da umarni, na kai shi gado, na sauke labule. Keziya ta fita ƙofar gida inda waya ta fi kamawa, ta kira ƙawayenta da Hausarsu ta 'yan jami'a mai gauraye da Turanci. Ashe wannan bututun da ake binnewa, masu abin suna kiransa da wani suna na Turanci, dedman, wato mataccen mutum.

"Ku zo da yamma," in ji ta. "Mun gama haƙa ramin a bayan gida, yau za mu binne dedman ɗin. Kaka ce ma ta ce a yi shi ƙarƙashin tagarsa."

Maman Ngozi mai shagon kayan masarufi a ƙofar gidanmu tana jin Turanci sarai. Ta leƙo ta ga jar ƙasa, ta ga rami, ta ga labulen Baba a sauke da rana tsaka. Ba ta tambayi kowa ba, ta rufe shago ta bazama.

Wanda ya fara shigowa Malam Isiyaku tela ne, maƙwabcinmu na jikin katanga, shebur a kafaɗa. Kun san Musulmin layinmu, in aka ce ana haƙa kabari ba sa jiran gayya, kuma bai tsaya duba cewa mu Kirista ne ba. Ya yi sallama a hankali, ya dira cikin ramin, ya kama gyara gefe da gefe. Ni kuwa na ɗauka ya zo taya yarinya aiki ne.

"Sannu, Malam, Allah ya saka da alheri."

"Ai lada ne, Maman Bitrus. Allah ya ba ki haƙuri."

Na zaci lambuna yake nufi. "Na riga na haƙura, Malam. Na sha wahalarsa shekara da shekaru, amma ni da kaina na ga gara a yi haka."

Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Sai dai ramin ya yi ƙunci, in da akwati za ku sa shi."

"Wane akwati kuma? Haka za mu jefa shi, da sarƙa a tsakiya."

Shebur ya faɗi daga hannun bawan Allah. Sai na ji waƙa daga bakin layi, irin wadda muke yi in an yi rashi, da tulu da caki. Matan zumunta ne na cocinmu, wasu sun ɗaura zanen zumunta a kan rigar gida, wata da garin tuwo a hannu. Suka cika tsakar gida. Kafin in ce me, an rungume ni, an zaunar da ni a tabarma, wannan ta riƙe kaina, wannan tana shafa bayana, kuka ya tashi ta ko'ina. Ina cewa "Ku tsaya, me ya faru?" suna cewa "Yi shiru, Mama, Ubangiji ne ya bayar." Keziya tana ihu tana ɗaga bututu tana nuna musu, babu mai kallonta.

Sai kukan ya fara mutuwa daga wajen ƙofar ɗaki, kamar ana rage rediyo. Na ture hannuwan da ke kaina na duba. Babanku ne tsaye a bakin ƙofa, da singileti da zane, babu sanda, bai dafa komai ba.

"Wa ya mutu?"

Maman Ngozi ta ƙwalla ƙara ta yi waje, ta bar takalmi ɗaya. Shi bai ko dube ta ba, idonsa yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, bai gan ni ba don mata sun rufe ni. Ya sauko daga dakalin nan, ya ratso tsakar gida, mata suna darewa, ƙafa tana ja amma tana zuwa, har ya iso tabarmar. Da ya gan ni sai ya tsaya. Ya sa tafin hannunsa a kumatuna, mai kaushin nan da garin katako.

"Na kira ki," ya ce. "Na yi ta kiran ki, ba ki amsa ba."

Ashe yana kwance ya ji waƙar rashi a cikin gidansa, ya kira Asabe, Asabe, hayaniya ta hana ni ji. Duk zamanmu bai taɓa kirana na ƙi amsawa ba, sai ya ɗauka ni ce. Ban san lokacin da na riƙe ƙafafunsa ba, kukan da mata suka zo taya ni, sai a lokacin na yi shi da gaske. Su kuma suka rasa ta yi, wasu na dariya, wasu na hawaye, shugabarmu ta juya waƙar ta koma ta godiya. Malam Isiyaku yana cikin rami har lokacin, yana ta "Ikon Allah, ikon Allah."

Muna cikin haka wata ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, Bitrus!" Tun da Maman Ngozi ta kai labari, wani dattijon coci ya kira ka ya ce Baba ya tafi, ana haƙa a gida yadda ya yi wasiyya. Wayata tana wurin masu caji, ta Keziya tana kan taga cikin hayaniya. Muka kira ka, muka sake kira, a kashe. Daga baya ka gaya mini masu ta'aziyya ne suka dame ka da kira kana tuƙi, ka kashe ta. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai: ka taho tun daga Abuja, ka wuce Kaduna, kai kaɗai a mota, maraya. Ba wanda ya shirya maka wannan, ɗana, kuma da ina da hanyar karɓar maka shi da na karɓa.

Mata suka ƙi tafiya, suka ɗora shinkafar da aka kawo ta zaman makoki. Mazan da suka zo suka ce tunda an fito, a haƙa rami na biyun. Babanku ya sa aka kai masa kujera ƙofar gida, amma bai iya zama ba, in ya ji mota sai ya miƙe, da kansa. Bayan la'asar ka iso. Ka fito da rigar da kake sawa a gida, idanu sun kumbura, ka ga mutumin da ka zo binnewa tsaye yana jiran ka. Ka zauna a ƙasa a wurin, cikin ƙura. Da ka dawo hayyacinka kuma sai faɗa. Ka yi wa Keziya, ka yi mini, ka ce mun mayar da gida gidan mahaukata, tsohuwa da jikarta suna wasan igiya mutane na mutuwa a hanya. Kana da gaskiyar yin fushi. Babanku ya bari sai da ka sauke, sannan ya ce:

"Ka gama? To tunda binnewa ka zo, ɗauki shebur."

Kai ka binne bututun, kana zuba ƙasa kana jan hanci, shi yana tsaye a kanka yana cewa a daddage, a ƙara ruwa, a sake daddagewa. Aka kafa jakuna, aka ja bel har ya miƙe yana ƙara in an taɓa shi. Keziya ta hau ta yi rabi ta diro, ƙasa ba ta ko motsa ba, mata suka yi guɗa. Sai Babanku ya juyo gare ka.

"Hau."

"Haba Baba, da girmana?"

"Ni da nawa girman ka ce in tashi. Hau."

Ka cire takalmi. Babban mutum da tumbi da furfura a gemu, ka ɗora ƙafa ɗaya a kan bel, ƙafar ta kama rawa kamar keken ɗinkin Malam Isiyaku. Yara suna dariya. Ka ɗago ɗayar, jikinka ya tafi gefe, hannunka ya kai wa iska cafka, ya sauka a kan abin da ya fi kusa, kafaɗar ubanka. Na miƙe tsaye, don na ga yadda yatsunka suka nutse, duk nauyinka ya koma kansa. Ya ɗan karkata, ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafafu. Bai faɗi ba. Ka taka ɗaya a sama, ya taka ɗaya a ƙasa. Dariya ta ɗauke, ba ka jin komai sai kukan bel ɗin. Kuna tsakiya ka tsaya, kana kallon hannunka a inda yake, na ji ka da ƙaramar murya irin ta lokacin da kake yaro.

"Baba, ashe ba sai na zo da motar ba."

"Ka zo da ita mana, ka kawo mini sauran yaran su hau," in ji shi. "Yanzu dai bar kallon ƙasa. Ɗago kanka, taka. Ina riƙe da kai."